Wane Gefen Gada?

Tchima ba ta taɓa ganin gadar Jabba ba, ba ta ma san da ita a duniya ba, sai ranar da saƙon Labo ya shigo wayar salular surukarta Hafiza. Tana tsakar gida a Gangara tana sheƙar wake, Hafiza ta fito daga ɗaki a guje, zani na kwancewa, ta durƙusa gabanta ta danna abin.

Labo direba ne. Shi ke jan tirelar da ke lodin wake daga kasuwar Gangara zuwa Badun, Falalu kuma aparantinsa ne, wato yaron motarsa. Falalu shi ne mijin Hafiza, shi ne ɗan farin Tchima, wanda tun haihuwarsa bakinta bai taɓa kama sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce yaron nan, kowa ya san wa take nufi.

Muryar Labo ta fito cikin ƙugin motoci. "Inna, ina gaisuwa. Ki daure da abin da zan faɗi. Yaronki na hannu. Mun shiga cunkoso bisa gadar Jabba, sai wani rago ya diro daga motar dabbobi yana ratsa tayoyi. Falalu ya sauka ya kama shi, ya ɗora shi bisa buhunanmu ya ɗaure, wai kafin mai shi ya bayyana. Muna ƙetarewa muka tsaya tasha, sai ga mai ragon da mutanensa, ɓarawo, ɓarawo. Sun ɗan taɓa shi, amma da sauƙi. Yanzu yana kulle ɗakin sarkin tasha. Manya sun ce hanya biyu ce. Ko a ba 'yan sanda nan gefen da muke, ko a koma da shi hayin gada wurin alƙali, can garin mai ragon. Sun ce a tambayi gida."

Faifan ya faɗi daga hannun Tchima, wake ya watse, kaji suka taso.

Ɓarawo? Abin da yaron nan ya yi ai shi kowane ɗan halak ke yi a ƙasar nan. Ka tsinci dabba tana yawo, ka kama, ka ɗaure gidanka, ka ba ta ruwa, ka sanar da maigari. Wanda ya gan ta ya wuce, shi ake zagi. Ita ta koya masa wannan da bakinta, tun yana bin awakin kakansa.

"Ke da kika yi lakol, kika iya karatun boko," ta ce da Hafiza, "duba cikin abin nan naku. Mi ake yi wa wanda aka ce ya yi sata can?"

Hafiza ta yi ta latsawa. Akwai wani kundin sani cikin salula, wanda mutane ke rubutawa da Hausa kyauta, kowa ya buɗe ya karanta. Nan ta faɗa. Ta kai abin kusa da ido.

"Hukuncin sata a Najeriya," ta karanta.

"Sake faɗi."

"Hukuncin sata a Najeriya."

"Najeriya duka?"

"Haka aka sa bisa, Inna. Shi ne sunan."

"To ci gaba."

Hafiza ta bi layi ɗaya, ta bi na biyu, tana haɗa baƙaƙe a hankali. A na uku ta kai inda aka ce a shari'ar Musulunci, in sata ta tabbata, ana yanke hannun dama daga wuyan hannu. Nan muryarta ta tsaya. Ta kife salular bisa tabarma, ta sa fuska cikin zani. Rubutun na da tsawo, akwai saura da yawa a ƙasa, amma wa zai ci gaba da karatu bayan wannan?

Tchima ba ta yi kuka ba. Ta ga hannun nan ƙiri-ƙiri: babban yatsan da lauje ya taɓa tsagawa, tabon ƙuna a bayan hannu. Da shi yake ɗaure tanti bisa lodi, da shi yake riƙe hauya in damina ta faɗi, da shi yake miƙo mata goro.

Ta yi lissafi irin na uwa mai tsoro. In dai ƙasar duka doka ɗaya ce, wuƙa ɗaya ce gefen nan da gefen can, to gara a kai shi gaban alƙali mai salla, mai jin Hausa. Ko ba komai yaron nan ya buɗe baki ya faɗi yadda aka yi. Wurin 'yan sanda, da Yarbanci da Turanci za a gama da shi yana tsaye yana kallo kamar ragon.

"Danna mini in yi magana," ta ce.

Hafiza ta danna. Tchima ta sa baki dab da salular. "Labo, uwarshi ce. Ku kai shi wurin alƙali. Na ce ku kai shi wurin alƙali."

Amsa ta dawo kafin la'asar: an ji, gobe da hantsi za a ƙetara da shi.

Da gari ya waye Tchima ta buɗe akwatinta ta ciro farin yadin da ta ajiye na likkafaninta. Ta auna kamu guda, ta sa haƙori, ta tsaga. Ta ninke ƙyallen ta soke a ƙugu. Ta ce da Hafiza ta sa mayafi su tafi lakol.

Duk Gangara an san Mushe Lurwanu, malamin lakol da ake ce wa Mushe irin kiran Faransanci, yana cikin masu rubuta kundin nan. Shi ke yawo ranar kasuwa yana ɗaukar hoton ƙwarya da amalanke. Har rumbun Tchima ya taɓa ɗauka, ta kore shi da muciya. Tunda su ke rubutawa, shi zai san amsar abin da ya hana ta runtsawa.

Ajinsa rumfar kara ce a ƙarshen fili. Yara na rera karatu da Faransanci, Tchima ta tsaya bakin ƙofa ta yi sallama guda, ba ta jira amsa ba.

"Mushe, fito."

Ya fito yana karkaɗe alli daga hannu, dogo, siriri, da tabarau. "Inna, ina kwana? Yau ba muciya dai ko?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya gare ni. In sun yanke, suna ba mutum abinshi?"

"Su yanke mi?"

"Hannu. Suna ba dangi su kawo gida a rufe, ko yar da shi suke? In ana bayarwa, Labo ya taho mini da shi. Ga abin naɗewa na tanada." Ta zaro ƙyallen ta nuna masa.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi Hafiza. Ita ta ba shi labarin, a gutsure, tana haɗiye kuka, har ta kai ga abin da ta karanta. Ta miƙa masa salular. Ya duba, ya gyara tabarau.

"Ni na rubuta wannan," ya ce a hankali. "Inna, a ina kika ce yake?"

"Jabba."

"Wane gefen gada?"

"Mi ya raba gefe da gefe? Ba duk Najeriya ba ce?"

"Sun ƙetare kogi, ko ba su ƙetare ba?"

"Sun ƙetare," in ji Hafiza. "Suna gefen Badun."

Ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka faɗi. "Alhamdu lillahi. To ku kwantar da hankali. Can jihar Kwara ce. Ba a yanke hannu can. Najeriya ba kamar nan ba ce, jihohi ne, dokar laifi ta bambanta. Wannan hukuncin na wasu jihohin arewa ne. Hayin gada, gefen nan namu, jihar Neja ce, ita tana cikinsu. Muddin yana inda yake, mafi muni ɗauri ne."

Hafiza ta dafe bakinta da hannu biyu. Tchima ta ji fili ya karkata, rumfar da yaran da bishiyar bedi duk suka yi nisa.

"Mi ya faru?" in ji shi.

"Na ce su maida shi hayi," Tchima ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Jiya. Da bakina. Yau da hantsi."

Su ukun suka ɗaga kai suka dubi rana. Ta riga ta hau bisa rufin lakol.

Mushe Lurwanu ya leƙa rumfa ya ce da yara kowa ya zauna inda yake, ya zaro salularsa, suka nufi tudun bayan lakol, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa sosai. Yashi ne mai cin ƙafa. Tchima, wadda gwiwa ke hana ta zuwa rijiya, ita ke gaba. Hafiza na karanto lambar Labo, shi yana latsawa. Wata mace ta yi magana da Turanci ta kashe. Ya sake. Macen nan dai.

"Mi take cewa?"

"Wai ba a samunshi."

"Sake."

Yana sakewa yana magana, don shi ma tsoro ya kama shi, bakinsa ya ƙi tsayawa. "Inna, ai an rubuta a ƙasa. Da ta ci gaba kaɗan da ta ga jihohin, duk na jera su. Kuma an daɗe ba a ji an zartar ba. Sharuɗɗan na da tsauri, alƙali na iya sallamarshi ma."

Tchima ta juyo. "Na iya? Za ka ajiye naka hannun jingina bisa na iya?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Shari'ar Allah gaskiya ce, ban ja da ita ba. Amma shaidu mutane ne. An ga rago ɗaure bisa motarsu, mai ragon na garinshi, da danginshi, da maƙwabtanshi. Yaron nan wa gare shi can? Kuma kar ka ƙara ce mini a ƙasa. Kai in ka rubuta wake a bayan buhu, wa zai zura hannu har gindi ya ga ko gero ne? Don mi ka sa Najeriya?"

"Haka muka saba, sunan ƙasa ake sawa. Mun yi gardama a kai, mu masu rubutun. Wasu sun ce a raba, kowane yanki da sunanshi. Ni na ce ƙasa ɗaya ce, a bar suna ɗaya, ya fi sauƙin nema."

"Ya yi sauƙi kuwa. Nan da nan muka same shi. Sake kira!"

Ya sake. Wannan karon abin ya yi ƙara, ya yi ƙara, sai ga hayaniya, iska da ƙahon motoci, da muryar Labo a ciki. Tchima ta fizge salular.

"Labo! Kuna ina?"

"Inna? Ga mu bisa gada, da ƙafa muke, motoci sun cushe. Mun kusa rabi."

"Ku tsaya! Ku juya! Kar ku ƙetare!"

"Inna, ke fa kika ce."

"Ni na ce, ni na warware. Tsaya nan inda kake, ko in tsine maka!"

Ta ji Labo na kiran mutane, ta ji muryoyi sun taso, ta ji kukan rago. Daga nan sai shiru. Ta duba salular, ta girgiza ta. "Ya mutu! Mushe, abin ya mutu!"

Rezo ne ya yanke. Mushe Lurwanu ya karɓa, ya ɗaga sama, ya matsa gabas, ya matsa yamma. Hafiza ta zube bisa yashi tana salati. Tchima ta tsaya ƙiƙam. Tana ganinsu a ranta suna tafiya, mai rago gaba da igiya, yaron nan tsakanin ƙarti biyu, ruwa na gudu ƙarƙashinsu, bakin gada na matsowa. Ko sun ji ta? Ko Labo ya ɗauka ruɗewar tsufa ce? Ƙyallen da ke ƙugunta ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa.

Salular ta yi kuka da kanta. Labo ne ya kira.

"Mun tsaya, Inna. Amma mai ragon ya ƙi. Ga wakilin sarkin tasha."

Wata murya ta dattijo ta yi sallama, ta ce, "Baiwar Allah, jiya ke kika zaɓa. Mun taso mutane, mun bar aikinmu."

"Malam, ku kuka ce a tambayi gida. Gida ya sake magana. Jiya an karanta mini abin da ba haka yake ba. Ƙafarshi ta sauka daga gadar?"

"Ba ta sauka ba."

"To maganata ta hau da shi, maganata ta sauko da shi ta inda ya hau. Ba ni mai ragon."

Aka yi ta muƙu-muƙu, sannan wani ya karɓa yana huci. Hausarsa da karin Fulatanci. "Ni ba ruwana da tsohuwa. An ce alƙali, alƙali za mu."

"Kai ne mai ragon?"

"Ni ne."

"Yana hannunka?"

"Yana hannuna."

"Da rai?"

Ragon ya amsa, ya yi kuka dab da salular.

"Na ji shi. Wa ya raba shi da tayar mota? Kai da ji makiyayi ne, mu ma kakanninmu da dabba suka zo ƙasar nan. Faɗa mini tsakaninka da Allah, a wurinku in an tsinci dabba bisa hanya, sakinta ake yi mota ta take?"

"Ana kamawa. Amma ana cigiya. Shi bai yi cigiya ba, ya ɗora bisa mota ya ƙetare kogi."

"Cigiya wurin wa, bisa gada? Wurin kifi?"

Wani ya yi dariya can baya, aka tsawata masa. Mai ragon ya ƙara hasala. "Ba dai kin ƙi alƙali ba? To mu koma wurin 'yan sanda. Kar ki zaci can gida ne. Can ma ɗaure shi za su yi, ya ruɓe."

"Su ɗaure shi da hannu biyu. Na yarda."

Ta ji dattijon na cewa shi ke nan, a juya, rana na yi. Ta ji takun mutane da jan igiya. Ba ta yarda ba tukuna. Ta ce Labo ya rantse sun juya. Ya rantse. Ta ce ya faɗa mata mi yake gani gabansa. Ya ce tashar da suka baro, da tirelarsa a gefe.

"Ba ni shi."

Numfashi ta fara ji, mai nauyi, irin na wanda aka daka a haƙarƙari. "Inna."

"Falalu," ta ce.

Hafiza ta ɗago kai daga yashi. Mushe Lurwanu ya kau da fuska. Can bisa gada ma an yi shiru, don shi kansa bai taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba.

"Falalu, da wane hannu ka riƙe wayar?"

"Da dama, Inna."

"To riƙe da kyau. In sun yi maka yaren da ba ka ji, ka ce a kawo mai Hausa. Kar ka dangwala yatsa bisa komi sai Labo na wurin. Ka ji ni?"

"Na ji. Inna, wallahi ban..."

"Na sani. Ni na koya maka."

Layin ya yanke. Sai a lokacin ta zauna daɓas bisa tudun. Hafiza ta rarrafo ta riƙe ta. Daga ƙasa ana jiyo yaran aji sun fara kokawa.

Mushe Lurwanu ya tsuguna nesa kaɗan. "Inna, ki gafarce ni."

"Gafara na wurin Allah. Ni gyara na zo nema yanzu. Sauya sunan."

"Ba ni kaɗai ba ne. Akwai na Kano, akwai na Zinder, sai an tattauna."

"Da za ka sa, ka tattauna da ni? Yatsanka ya sa, yatsanka ya cire. Su na Kano in suna da magana, ka kwatanta musu gidana, ka san rumbun."

Ya dube ta, ya dubi salular, ya fara latsawa. Ya ɗauki lokaci. Tchima ba ta ɗauke ido daga yatsansa ba, ko da yake baƙi ɗaya ba ta sani ba. Da ya gama ya miƙa wa Hafiza.

"Hukuncin sata a jihohin Najeriya masu aiki da shari'ar Musulunci," Hafiza ta karanta. "Kuma layin farko ya ce ba duk ƙasar ba ce, sauran jihohi dokarsu dabam."

"Ya yi tsawo," in ji Mushe Lurwanu, kamar da kansa yake. "Za su ce ya yi tsawo. Wani na iya maido da na da."

Tchima ta dafa kafaɗar Hafiza ta miƙe. Ta zaro farin ƙyallen, ta kama hannunsa na dama, ta damƙa masa.

"Ajiye bisa teburinka, inda kake rubutun. Duk wanda ya ce ya yi tsawo, ka ɗauki hoton wanga ka aika mishi, tunda ka iya ɗaukar hoto, ka faɗa mishi na mi ne. Duk ranar kasuwa ɗiyar nan za ta karanta mini sunan. Ran da na ji na da ya dawo, ni ma na dawo."

Ta gangara tudun a hankali, gwiwar ta tuna da ciwonta. A hanya ta sa Hafiza ta riƙe salular a tafin hannu, kar ta sa ta cikin zani, don ba a san abin da 'yan sanda za su ce ba, ba a san yaushe Labo zai sake kira ba. Da suka isa gida waken jiya na nan warwatse, kaji sun ci rabi. Ta wuce shi ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta warware likkafanin ta gwada a jikinta daga ka zuwa ƙafa. Ya gaza kaɗan wajen yatsu. Ta ninke shi haka nan ta mayar, ta fito ta zauna bakin ƙofa kusa da Hafiza, su biyu suna kallon salular.